Ɗaliban Kasuwanci da Ilmin Kwamfuta: Ina Aka Kwana a Jami'o'inmu?

Daga Wakilinmu

A watan Disamba na 2022 ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin karatun digirin farko da ake kira CCMAS a taƙaice, ta kuma umurci jami'o'in Nijeriya su fara aiki da shi daga watan Satumba na 2023. Babban abin da ya bambanta wannan tsari da wanda ya gada shi ne rabon da aka yi. Hukumar ta tsara kashi 70 daga cikin 100 na abin da za a koyar, sa'an nan ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ta ga ya dace da jama'ar da take zaune a cikinsu. Ƙungiyar malaman jami'o'i, watau ASUU, ta nuna rashin jin daɗinta a lokacin, tana cewa tsara karatu haƙƙin majalisar malamai ne ta kowace jami'a. Duk da haka tsarin ya soma aiki, kuma ɗaliban da suka fara karatun shekara huɗu a kansa za su fito ne a wajen 2027, in ba a sami tsaiko ba.

Wannan al'amari ya shafi Jihar Kebbi kai tsaye. A Kalgo ne Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi take, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2013 tare da ta Gusau da ta Gashuwa. Akwai jami'ar jiha a Aliero, wadda aka kafa a 2006, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ko da yake ita tana ƙarƙashin wata hukuma ce dabam, watau NBTE mai hedkwata a Kaduna. Yaron da ya taso a Kambaza ko Gwandu ko Bunza, wanda a da sai ya tafi Sakkwato ko Zariya kafin ya karanci lissafin kuɗi ko sha'anin kasuwanci, yau yana iya samun makaranta kusa da gida. Abin tambaya shi ne, wane irin guzuri zai fito da shi? Nazarin nan ya tsaya ne a kan darussa biyu da ake koya wa irin waɗannan ɗalibai, watau ilmin kwamfuta da ilmin sarrafa kuɗi, da kuma dalilin da ya sa bai kamata a ci gaba da raba su ba.

DAGA BAITULMALI ZUWA NA'URA

Tsofaffin ma'aikata za su tuna yadda ake riƙon kuɗin hukuma a zamanin En'e. Tun kafin yaƙin duniya na farko aka kafa baitulmali a masarautun Arewa, har da En'en Gwandu mai hedkwata a Birnin Kebbi. Ma'aji da malamansa su ne ke rubuta shiga da fitar kuɗi da hannu, a manyan littattafai, kowane kwabo da takardar shaidarsa. Domin a sami irin waɗannan malamai ne aka buɗe makarantar horon akawu a Zariya a ƙarshen shekarun 1940, wadda daga baya ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki da ke Kongo, kuma ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. A wancan zamani kayan aikin akawu alƙalami ne da tawada da littafi, kuma da su ake koya masa aiki. Ba a taɓa jin an yaye akawun da bai taɓa riƙe littafin lissafi da hannunsa ba.

To, yau kayan aikin sun sake. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara biyan albashi ta tsarin kwamfuta na IPPIS. A 2012 Babban Bankin Nijeriya ya fara gwada shirin rage yawo da tsabar kuɗi a Ikko. A watan Fabrairu na 2014 aka fito da lambar shaidar masu ajiya a banki, watau BVN. A 2015 aka tilasta wa ma'aikatun Tarayya su zuba kuɗinsu a asusun bai ɗaya na TSA. Ɗalibi da kansa ya san wannan sauyi, domin tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, ta intanet yake biyan kuɗin makaranta, ta nan kuma yake neman rancen karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024.

Ma'anar wannan duka ita ce, littafin Ma'aji ya koma cikin na'ura. Wanda ya san ƙa'idar lissafin kuɗi amma bai iya na'urar ba, ya zama kamar maharbin da ya san dawa amma ba a taɓa ba shi baka ya ɗana ba. Wanda kuma ya iya danna na'ura amma bai san ƙa'idar kuɗi ba, zai rubuta duk abin da aka ba shi, gaskiya ko ƙarya, bai sani ba.

DARUSSA BIYU DA KEBBI TA GANI DA IDONTA

Ba sai an je nesa neman misali ba. Ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Banki, wanda aka sani da Anchor Borrowers, kuma a Jihar Kebbi aka yi bikin. Manomi zai buɗe asusu, ya yi BVN, ya shiga ƙungiya, a ba shi iri da taki da magani a matsayin bashi a kan kuɗin ruwan da bai wuce kashi 9 daga cikin 100 ba, in ya girbe ya biya da shanshera ta hannun masu injin casa. Noman shinkafa ya bunƙasa a fadamun jihar, har Kebbi da Ikko suka haɗa gwiwa suka fito da shinkafar Lake Rice a watan Disamba na 2016, aka kuma buɗe babban injin casa na WACOT a Argungu a 2017. Amma maganar biyan bashin ta zama ƙarfen ƙafa a faɗin ƙasa. An yi ta jayayya a kan wane ne manomin gaskiya, nawa aka ba shi, nawa ya biya, wa ambaliya ta cinye wa gona, wa kuma ya ɗauki rancen a matsayin rabonsa na arzikin ƙasa. A ƙarshen 2023 sabbin shugabannin Babban Banki suka dakatar da karɓar sabbin buƙatun irin wannan rance.

Duk wanda ya dubi waɗannan tambayoyi zai ga cewa kowace ɗaya tana da fuska biyu. Sanin wane ne ya ci bashi da inda gonarsa take aikin rumbun bayanai ne. Sanin ko buhunan da zai samu za su biya bashin su bar masa abin ci, wannan aikin mai sarrafa kuɗi ne. Ƙungiyar manoma tana buƙatar mutum guda da zai iya duka biyun, kuma irin wannan mutum ne ake sa ran sashen kasuwanci na jami'a zai yaye.

Darasi na biyu ya zo ne a farkon 2023. A watan Oktoba na 2022 Babban Banki ya ba da sanarwar sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, ya sa ranar 31 ga Janairu, 2023 ta zama ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sabbin kuɗi ba su wadata ba, tsofaffi kuma an janye su, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, 2023 aka sami sa'ida. Dattawa sun ga canjin kuɗi a 1973, lokacin da Naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, sun kuma ga na 1984. Amma a waɗancan lokuta takarda ce ta maye gurbin takarda. A 2023 kuwa, mai sayar da shanu da mai albasa da mai tireda sai suka wayi gari dole su karɓi kuɗi ta waya ko su rufe ciniki. Wasu an yaudare su da saƙon shigar kuɗi na jabu, wasu sun miƙa lambar sirrinsu ga wanda bai kamata ba. Tun daga lokacin, mai na'urar POS ya zama kamar ƙaramin banki a kusan kowace kasuwar ƙauye, kuma ciniki mai yawa ya koma ta waya.

YADDA AKE KOYARWA

A bisa al'adar da aka saba a jami'o'i da yawa na ƙasar nan, ɗalibin kasuwanci yana ɗaukar darasin gabatarwa ga kwamfuta a shekarar farko ko ta biyu, sau da yawa tare da ɗaruruwan ɗalibai daga wasu sassa, a hannun malaman sashen kimiyyar kwamfuta. A can zai haddace tarihin na'urar da sunayen sassanta. Sai a shekara ta uku ko ta huɗu ya haɗu da darasin sarrafa kuɗi a hannun malaman sashensa, inda zai koyi yadda ake auna ribar jari, da darajar kuɗin gobe in an kwatanta da na yau, da tsara kasafi, duk a kan allo da alli da ɗan ƙaramin injin lissafi. Malamin farko bai san abin da na biyu zai koyar ba, na biyu kuma ya ɗauka na farko ya gama nasa aikin. Ɗalibi ya ci jarrabawa biyu, amma bai taɓa zama ya gina kasafin kuɗin ko da shagon ɗinki a kan kwamfuta ba.

Ba malamai kaɗai za a ɗora wa laifin ba. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa a ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu domin binciken buƙatun jami'o'in gwamnati ya bayyana a rahotonsa na 2012 cewa ɗakunan karatu sun cika sun batse, kayan gwaji sun yi ƙaranci ko sun tsufa, har a wasu wurare da baki ake bayyana wa ɗalibai gwajin da ya kamata su yi da hannu. Bayan haka ga yajin aiki, irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wanda kan sa a matse zangon karatu, kuma darasin aikin hannu shi ne farkon abin da ake yarwa in lokaci ya ƙure.

Akwai masu ra'ayin cewa aikin jami'a shi ne koyar da ƙa'ida, domin manhajar kwamfuta tana sakewa kullum, wadda aka koya yau gobe ta tsufa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Ƙa'idar rubuta kowane ciniki a gida biyu, wadda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa a birnin Venice a 1494, har yau ba ta sake ba, alhali kuwa jadawalin lissafi na kwamfuta ya taso daga VisiCalc na 1979 zuwa Lotus na 1983 zuwa Excel na 1985, kuma bai daina sauyawa ba. To, amma ai gani ya kori ji. Ƙa'idar da ɗalibi ya gwada da hannunsa ta fi zama a ƙwaƙwalwarsa, kuma wanda ya iya jadawali ɗaya ba zai sha wuyar koyon wani ba.

MISALIN ALBASA DA NA RIBAR BANZA

Bari mu kawo misali domin mai karatu ya ga abin da ake nufi. Ƙasar Aliero ta shahara da albasa, kuma kowa ya san farashinta kan faɗi lokacin da aka cire ta, ya tashi bayan wasu watanni. A ce wani ɗan kasuwa ya sayi buhu 100 a kan Naira 20,000 kowane buhu, watau Naira miliyan 2. Ya ajiye wata huɗu, ruɓa da bushewa suka cinye buhu 30, saura 70. Kafin ya mai da uwar kuɗinsa kawai, dole ya sayar da kowane buhu a kan kusan Naira 28,600. In ya kashe Naira 200,000 wajen rumbu da dako da gadi, farashin ya koma kusan Naira 31,400. In kuma jarin rance ne a kan kashi 3 daga cikin 100 kowane wata, an ƙara Naira 240,000, sai ya sayar a kan kusan Naira 34,900 kafin ya ce bai faɗi ba. Saboda haka wanda ya saya a 20,000 ya sayar a 33,000 yana murnar ya ci riba, alhali kuwa faɗuwa ya yi.

A kan allo, malami zai yi wannan lissafi sau ɗaya lokaci ya ƙare. A kan kwamfuta kuwa, ɗalibi zai iya sake adadin ruɓa daga 30 zuwa 15 ya ga nan take nawa ingantaccen rumbu zai tsirar, ya kuma gane ko gina shi ya cancanci kuɗin da za a kashe. Zai iya sake kuɗin ruwa, ko watannin ajiya, ko kuɗin mota zuwa kasuwannin Kudu, ya ga wanne ya fi cin riba. Wannan shi ne sarrafa kuɗi na haƙiƙa, watau gwada shawara kafin a zuba dukiya a kanta.

Haka nan maganar tsadar kaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 daga cikin 100. Wanda ya ajiye Naira 100,000 a wannan shekara aka ƙara masa kashi 10, ya karɓi Naira 110,000, amma abin da za su saya masa bai kai abin da Naira 82,000 suka saya a farkon shekarar ba. Ma'aikacin gwamnati mai tanadin kuɗin sallama ya kamata ya san wannan, balle wanda ya yi digiri a kansa.

Sai kuma masu alkawarin ribar banza. A watan Disamba na 2016 shirin MMM, mai alkawarin kashi 30 a wata, ya rufe asusun jama'a. A watan Afrilu na 2025 aka sake maimaitawa da CBEX, mai alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, kuma cikin waɗanda suka yi hasara har da masu ilmin zamani. Da an sa ɗalibi ya rubuta Naira 1,000 a jadawali ya riƙa ninka ta kowane wata, zai ga ta haura Naira miliyan 4 a shekara guda, ta haura Naira biliyan 16 a shekara biyu. Wanda ya ga wannan adadi da idonsa ba ya buƙatar wa'azi kafin ya san babu sana'ar da ke haifar da haka. Dokar zuba jari da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta tanadi ɗauri da tara ga masu irin wannan zamba, amma rigakafi ya fi magani.

NA'URA BA TA MAYE GURBIN HANKALI

Kada kuma a ɗauka cewa da an jera kwamfutoci a ɗaki magana ta ƙare. Na'ura ba ta san gaskiya ba, abin da aka zuba mata shi take mayarwa. A 2010 waɗansu manyan masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da nazari a kan illar bashi ga bunƙasar ƙasashe, kuma 'yan siyasa da dama a Turai da Amurka suka kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi mai karatun babban digiri, Thomas Herndon, ya karɓi jadawalinsu ya bi shi layi layi, ya tarar an tsallake waɗansu ƙasashe wajen haɗa lissafin. Ɗalibi ne ya gano kuskuren malamai, domin an koya masa ya bincika kafin ya yarda.

Irin wannan tarbiyya ce ma'aikatunmu suke buƙata. Biyan albashi ta kwamfuta ya taimaka wajen tono ma'aikatan bogi, amma bai hana marasa tsoron Allah neman sabuwar ƙofa ba. A zamanin takarda, ƙa'ida ita ce wanda ya rubuta takardar biya ba shi ne zai sa hannun amincewa ba, kuma ba shi ne zai riƙe mabuɗin akwatin kuɗi ba. A zamanin na'ura ƙa'idar tana nan, sai dai mabuɗin ya zama lambar sirri. In shugaban ofis ya miƙa wa akawunsa lambarsa domin shi bai iya na'urar ba, to ya haɗa mabuɗai uku a hannun mutum ɗaya. Ya wajaba ɗalibin kasuwanci ya koyi yadda ake raba iko a cikin manhaja, da yadda mai binciken kuɗi yake bin sawun wanda ya sake wani adadi da lokacin da ya sake shi, da kuma haƙƙin da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da sunaye da lambobin mutane. Haka kuma, tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ɗalibi na iya sa na'ura ta rubuta masa amsar aikin gida cikin minti guda, abin da ya ƙara tilasta wa malamai su gwada shi a gabansu.

ME ZA A ZUBA A KASHI TALATIN?

A nan ne damar take. Kashi 30 ɗin da aka bar wa jami'o'i ya isa a gina darasin da zai haɗa ilmin nan biyu a kan tattalin arzikin Kebbi. Yawancin littattafan sarrafa kuɗi an rubuta su ne da misalan manyan kamfanonin Amurka da Ingila masu sayar da hannun jari. Sanin wannan yana da amfani, amma mafi yawan waɗanda za su fito daga Kalgo da Aliero za su yi aiki ne a ma'aikatun jiha, ko ƙananan hukumomi, ko bankuna, ko injinan casa, ko kuma su riƙe kasuwancin iyayensu.

Abu na farko shi ne lissafin noma da ajiya, na shinkafa da albasa da kifi da dabbobi, tun daga gona har kasuwar Jega. Na biyu, cinikin kan iyaka. Kebbi tana maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar da ta Benin, masu amfani da kuɗin Sefa da ke ɗaure da Yuro, alhali Naira kuwa an sake ta ga kasuwa a watan Yuni na 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan Dala ɗaya ta haura 1,500 a farkon 2024. Fataken da ke bi ta Kamba sun ga rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, sun sake ganin wani bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Yadda ɗan kasuwa zai kare jarinsa daga irin wannan girgiza darasi ne mai zaman kansa.

Na uku, harkar kuɗi bisa tsarin Musulunci. A ƙasar Gwandu, inda Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar, mutane da yawa suna ƙaurace wa bashin ruwa saboda addini. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da Sukuk na farko na Naira biliyan 100 a 2017 domin gina hanyoyi. Ɗalibi ya kamata ya iya lissafa cinikin murabaha da ƙiradi da salam a kan jadawali, ya kuma kwatanta su da adashi da sauran hanyoyin da jama'a suka saba. Na huɗu, haraji. Ranar 26 ga Yuni, 2025 aka sa hannu a kan sabbin dokokin haraji guda huɗu, aka ɗora ranar fara aiki da su a kan 1 ga Janairu, 2026. Ƙaramin ɗan kasuwar da ba shi da rubutaccen lissafi ba shi da hujjar da zai nuna wa jami'in haraji, ko da doka ta yafe masa.

WUTA, KUƊI DA MALAMAI

Mai karatu zai ce, duk wannan da wace wutar? Tambaya ce mai nauyi. Tun da aka ƙara kuɗin wuta ga masu layin farko a watan Afrilu na 2024, jami'o'i da dama suka koka cewa kuɗin ya fi ƙarfinsu, kuma a watan Janairu na 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 daga cikin 100 a kan farashinsu. Ɗan talakan da ya zo daga ƙauye da ƙyar ya biya kuɗin rajista, ba a maganar sayen kwamfutar hannu.

Duk da haka, rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Jadawalin lissafi ba ya buƙatar intanet, kuma akwai manhajoji na kyauta irin su LibreOffice da ke aiki a kan tsofaffin na'urori. Ɗaki ɗaya mai kwamfuta 50 da wutar hasken rana, in an tsara shi rukuni rukuni daga safe zuwa yamma, zai ɗauki ɗaruruwan ɗalibai a mako. Jami'ar Bayero ta Kano ta sami babbar tashar hasken rana a 2019, abin da ya nuna hanyar a buɗe take. Ɗakunan jarrabawar kwamfuta, waɗanda aikinsu kan yi yawa ne lokacin jarrabawa kawai, ana iya mai da su ajin koyarwa a sauran watanni. Asusun TETFund yana gina ɗakuna yana kuma tura malamai ƙaro ilmi, saboda haka sai a sa horon malaman sarrafa kuɗi a kan na'ura cikin abin da ake nema daga gare shi, domin malamin da bai saba da abu ba, ba zai koyar da shi ba.

Mafi muhimmanci shi ne jarrabawa. Ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. Muddin da takarda da biro kaɗai za a ci darasin sarrafa kuɗi, to ɗakin kwamfuta zai zama wurin kai baƙi kallo. In kuwa majalisar malamai ta yanke cewa wani kashi na makin sai a gaban na'ura za a same shi, a ba ɗalibi rasidai da takardar banki ya fitar da lissafin riba da faɗuwa cikin awa biyu, to malami da ɗalibi da hukumar makaranta duk za su miƙe.

Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi irin su Gwandu da Kalgo su ma suna da rawar takawa. Su buɗe ofisoshin kuɗinsu ga ɗalibai masu koyon aiki, kuma in za su ɗauki akanta su gwada shi a kan na'ura kafin su dubi takardarsa. Ƙungiyoyin akantoci, ICAN da ANAN, da masu injinan casa da ƙungiyoyin manoma, su taimaka da misalan lissafi na gaske bayan an cire sunayen mutane. Ɗalibi kuma kada ya zauna jiran gwamnati, wayar da ke hannunsa tana ɗaukar jadawalin lissafi, sai ya fara da rubuta cinikin shagon gidansu ko kuɗin adashin mahaifiyarsa na wata uku ya ga abin da zai gano.

Ɗaliban farko na sabon tsari sun riga sun yi nisa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In jami'o'inmu suka cika kasonsu da maimaicin abin da ke cikin kashi 70, za a sake yaye masu takardar da sai an koya musu aiki daga farko, manomi da ɗan kasuwa kuma su ci gaba da neman mai duba musu lissafi ba su samu ba. In kuwa aka haɗa ilmin nan biyu a aji ɗaya, aka gwada shi a kan shinkafa da albasa da asusun ƙaramar hukuma, to yaron Kambaza zai koma gida da abin da jama'arsa za su amfana da shi tun ranar farko. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su duba.